Kawu da Shugaban Wata Guda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare a garinmu Dangora, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar wata Talata da hantsi. Yana zaune a kan buzunsa, ya sha kunu, ya ce a rage masa ƙarar rediyo. Kafin a rage, ya tafi. Babu jinya, babu doguwar wasiyya. Ko a wajen mutuwa Kawu bai ɓata wa kowa lokaci ba.

Kafin azahar gari ya cika. Da za a jera takalman da aka tuɓe a ƙofar zaurensa, da sun kai Kwanar Dangora sun juyo. Mutanen Ƙofa sun zo, na Tudun Wada sun zo, har daga Doguwa an yo mota guda. Kowa kuma da kalar kukansa. Kansilanmu ya zo da hankici fari fat, yana goge idon da ko ƙwalla ɗaya ba ta leƙo ba, yana cewa, "Uba muka rasa, uba muka rasa." Wannan uban ne fa ya taɓa ce masa a bainar jama'a, idan ya gama jawabi ya tashe mu daga barci mu tafa masa. Wani ɗan kasuwa da ya shekara ashirin yana sauya hanya idan ya hango keken Kawu, shi ya fi kowa rige-rigen kama makara, har ya kusa tura liman cikin kwata. Wani tsohon abokin aikinsa kuma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kawunka mutum ne mai haƙuri." Na ce Allah ya ba da lada. Idan Kawu mai haƙuri ne, to barkono ma alewa ne.

Mutum ɗaya na gani wanda kukansa ba shi da ado, wani mai gyaran injin ban-ruwa da Kawu ya koya wa karatu bayan ya haifi 'ya'ya biyar. Bai gaisa da kowa ba. Ya zauna can jikin katanga ya kifa kai a gwiwa, da aka shafa fatiha ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Mutuwa ta saba tara maƙaryata, ba a kan Kawu aka fara ba. Abin da ya faru ranar addu'ar uku ne ya hana ni zama.

A ranar babban ɗan Kawu ya iso daga Abuja, domin bai samu jana'iza ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, ka ga taubasai ke nan. Tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, har yau ba a yanke shari'ar ba. Ya fito daga mota mai baƙin gilashi, tumbinsa ya riga shi shiga zaure da kamar minti biyu. Aka yi addu'a, aka raba gumba. Sai ya miƙe ya tsaya gaban wani hoto da ke rataye a bangon zauren, can ƙasa-ƙasa, daidai inda ake ajiye takalma. Hoton wani tsohon Bature ne mai dogon hanci da ramammiyar fuska, an yanko shi daga littafi, takardar ta yi ja saboda shekaru.

"Jama'a," in ji taubashina, "na daɗe ina tunanin abin da zan yi wa Baba wanda zai dawwama. Filin nan nasa na bayan gida, makaranta zan gina a ciki, daga nazare har sakandare. Ga kuma sunan da zan sa mata." Ya nuna rubutun da ke ƙasan hoton. "Tun ina yaro nake ganin Baturen nan a zaurenmu. Shugaban Amurka ne. Mutum ba zai rataye hoton wani shekara hamsin ba sai don ƙauna. Wannan shi ne gwanin Baba."

Zaure ya ɗauka baki ɗaya, "Masha Allah."

Na ce, "Bawana, dakata. Ubanka bai raina wani mahaluki a bayan ƙasa kamar Baturen nan ba."

Aka kwashe da dariya, a gidan makoki. Shi ma ya dara. "Kun ji bawan gidanmu. Ko yau ba za ka bar ni in huta ba?"

"Wallahi da gaske nake."

"Kullum da gaske kake. Ba kai ka ce ka ga kada a rijiyar masallaci ba?"

"Wannan daban ne. Kuma ƙadangaren babba ne ƙwarai."

Liman ya yi gyaran murya ya ce wasan taubasai a bari sai bayan bakwai. Shi ke nan, magana ta mutu. Ka ga illar taubasantaka: an ba ka lasisin zagin mutum har abada, ranar da ka zo masa da gaskiya kuma sai a saka ta cikin buhun zagin.

Shi taubashina ban ga laifinsa sosai ba. Ɗan fari ne. Kawu mutumin da ne, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba. A hannun kakarmu ya tashi, daga nan makarantar kwana, daga nan birni. Idan ya zo gaisuwar Sallah zai durƙusa a bakin zaure, Kawu ya kalli bango ya ce, "An zo lafiya?" a tashi. Ina zai san abin da ke tsakanin ubansa da hoton? Waɗanda nake jin haushi su ne masu Masha Allah. Rabin zauren nan sun zauna a ajin Kawu. Sun ji labarin Baturen har sun haddace shi fiye da Ƙulhuwallahu. Amma wannan yana da gidan bulo, wancan yana da motar yashi, wancan kuma 'yarsa ta gama makarantar koyon malanta tana zaune a gida. Da taubashina ya ce sunan jakin maƙwabta zai sa wa makarantar, da sun ce ai jaki ne mai tarbiyya.

To bari in faɗi abin da suka haɗiye.

Kawu bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, ni ma ba zan fara ba. Shugaban Wata Guda yake ce masa. Ba ya ko nuna shi da yatsa, sai da sandar rake ko da ƙafa. Liman ya taɓa yi masa magana a kan ajiye hoto a gida, Kawu ya ce, "Shi ya sa ban kai shi ɗaki ba, Malam. Na bar shi a zaure tare da keke."

Idan baƙo ya yi kuskuren tambayar wane ne wannan, to ya tanadi wurin zama.

"Wannan," Kawu kan ce, "ɗan masu hali ne, can a ƙarshen ƙarni na goma sha takwas. Gidan da aka haife shi bayi ke yi musu noma. Ya fara karatun likita ya watsar, ya shiga soja. Aka ba shi gwamnan wani yanki, sai ya dinga kiran sarakunan mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, ya zaunar da biyu-uku, ya sa su dangwala hannu a takarda, ya ce sun sayar masa da dajin kowa da kowa. Waɗanda suka ce ba da yawunsu ba, ya kai musu yaƙi. Da ya tsufa ya so mulkin ƙasar, sai 'yan korensa suka ce ai talaka ne, a bukkar itace yake kwana. Suka sassaƙa ƙananan bukkoki suka ɗora a amalanke suna yawo gari-gari, suna raba giya. Talakawa suka ce namu ne, suka zaɓe shi."

A nan yakan tsaya ya kurɓi ruwa, don mai sauraro ya ji ɗacin.

"Ranar rantsarwa ana sanyi mai shiga ƙashi. Tsoho ne, yana dab da saba'in, abokan hamayya na ta cewa ya ƙare. Don ya nuna da sauransa, ya hau doki, ya ƙi sa kwat, ya ƙi sa hula. Ya tsayar da jama'a a fili, ya buɗe baki, bai rufe ba sai da ya kusa cinye awa biyu. Ya shiga fada, masu neman muƙami suka cika masa gida, ko numfashi ba sa bari ya yi. Wata guda, aka kai shi kabari. Tambaye ni me ya yi a mulkinsa."

Baƙo ya ce, "Me ya yi, Malam?"

"Ya yi jawabi."

Daga cikin gida sai ka ji muryar Inna, matar Kawu: "Ni matarsa nake tausayi." Domin Kawu ya gaya mata matar tana can garinsu ba ta da lafiya, tana haɗa kayan tarewa a fada sai saƙon mutuwa ya riske ta. "Baiwar Allah ta ɗaure kwanuka ta kwance," in ji Inna.

Da Baturen nan Kawu yake auna duk wani mai babbar riga. Yana da wani tsohon kwat baƙi, wanda asu suka ci suka ƙoshi suka bar wa jikokinsu saura. A bayan kekensa yake ɗaure shi duk inda za shi taro. Idan mai jawabi ya wuce gona da iri, Kawu ba ya tari, ba ya duba agogo. Zai tashi a hankali, ya ratsa jama'a, ya je ya yafa wa mutumin kwat ɗin a kafaɗa, ya ce, "Yafa, ɗana, kada sanyi ya kama ka." Ko da kuwa ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Kansila ya sha kwat ɗin nan sau uku. Wani waliyyin ango daga Ƙofa ya tsaya kawo tarihin zuri'arsu tun daga kakan kakansa, shinkafa na hucewa, ya sha. Har ta kai a duk faɗin ƙasar Kiru, idan mai magana ya ga Kawu ya sunkuya wajen kekensa, sai ka ji, "A taƙaice dai, jama'a." Ina da yaƙinin Kawu ya ceto wa garin nan lokacin da zai isa a noma dawa shekara uku.

Yakan ce, "Maganar da ta wuce tsawon alwala, mai ita take wa amfani." Yakan kuma ce, "Wanda ya ɗauki lasifika ya gaya maka shi talaka ne, kada ka kalli bakinsa, kalli takalminsa."

Na ga ranar da wannan ta yi aiki. Wani ɗan takara ya tsaya a bakin kasuwa, ya durƙusa gaban mai rogo da ƙuli, ya gutsura, masu hoto suna ta ƙyalla masa wuta. Yana taunawa kamar an ba shi gawayi. Ya hango Kawu ya ce, "Malam, ka ga abincinmu na talakawa."

Kawu ya dubi ƙafarsa ya ce, "Haɗiye mu gani."

Bawan Allah ya yi ta juya lomar nan a baki, daga wannan kumatu zuwa wancan, har yaransa suka kewaye shi ya tofar a bayan mota. Kawu ya juyo ya ce mini, "Ka ga bukkar itace ta iso Dangora."

Kada a ɗauka baki kaɗai gare shi. Shekarar da mahaifina ya rasu, gonarmu ba ta da mai riƙe garma. Ruwan fari na sauka Kawu ya koro shanunsa ya huɗe gonar ƙanwarsa kafin ya taɓa tasa. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya, kuma duk shekara yana yi yana faɗa. Ya ce kunyoyin mahaifina karkatattu ne tun yana raye, ya ce ni ba a haife ni don noma ba sai don cin tuwo. Idan uwata ta fito yi masa godiya sai ya ce, "Koma ciki, na zo ne don kada ciyawarki ta tsallako gonata." Tsakanin gonarsa da tamu akwai tafiyar rabin awa.

Sau uku ana ba shi hedimasta yana mayar da takardar. Ya ce shi da alli aka ɗaura masa aure. A aji uku ya tsufa, yaran da ya koya wa baƙi suka zo suka zama shugabanninsa, yana gaishe su yana gyara musu rubutu.

Rigima mafi zafi da na san ya yi, da surukinsa ce, mijin 'yarsa ta biyu, ma'aikacin asibiti. Mutumin kirki ne, sai dai waya ta ba shi ilimin da ya fi ƙarfin kansa. Wata rana bayan la'asar muna zaure, Kawu ya kai ƙarshen labarin nan, sai surukin ya ce, "Baba, ai na karanta likitocin yanzu suna ganin ba sanyin ne ya kashe shi ba. Sun fi zargin ruwan shan fadar, wai ƙazantar gari na gangarawa inda ake ɗebo shi."

Kawu ya ajiye kofi. "Wanke shi ka zo yi?"

"A'a Baba, bincike ne."

"Da na ba ka 'yata, bincike na yi?"

Sati uku ba ya amsa gaisuwar surukin nan. Ni kuwa abin ya ba ni mamaki, domin a ganina ƙarin abin dariya aka kawo masa: shugaban ƙasa guda, bai san abin da ke cikin randarsa ba. Na gaya masa haka. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ko ruwa ne ya kashe shi, mutanen da ya tsayar a cikin sanyi fa? Wa ya bi su gida ya ga yadda suka kwana?" Na ce a raina tsufa ne, na bar maganar.

Wannan shi ne mutumin da za a rubuta sunan abin raininsa a jikin katangar gidansa, da manyan baƙaƙe, yara su dinga rera shi kowace safiya. Kuma nan da shekara ashirin, idan mu da muka san gaskiya mun bi shi, abin da zai rage a Dangora shi ne, "Ai wani malami ne da ya mutu a kan son wani Bature."

Kwana uku na yi ina bin mutane. Na je wa mai gidan bulo, ya ce shi a ajin Kawu a baya yake zama, ba ya jin komai. Na je wa kansila, ya ce ai suna suna ne, kuma sunan Turawa yana jawo iyaye. Na koma wa taubashina sau biyu, na biyun har na ce masa ranka ya daɗe, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yanke mini cibiya. Ya ce, "Lallai wasan ya yi nisa." Ana gobe bakwai na ga mai fenti ya jingina wani allo a jikin zaure, ya ja layi, ya fara harafin farko.

Sai na shiga wajen Inna. Tana ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Na zayyana mata komai. Da na gama ta ce, "Kira mini wancan."

Wancan shi ne ɗanta na fari. Kunyar da Kawu yake masa wasa ce a kan ta Inna. Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Ko ruwa za ta ba shi, sai ta ce da wani, "A miƙa wa mutanen Abuja." Ya shigo ya zauna a dokin ƙofa, ya naɗe ƙafa kamar ɗan aji ɗaya. Ta juya masa gefe, ta fuskance ni.

"Ka gaya wa wancan, ubansa ya taɓa yin hedimasta."

Na ce, "Inna, ai sau uku ana ba shi yana ƙi."

"Kafin ukun akwai ɗaya. Rufe bakinka ka ji."

Na rufe.

"Ina amarya, ba a haifi kowa ba. Aka tura shi wani ƙauye can bakin dajin Falgore ya buɗe sabuwar makaranta. Wata huɗu yana bin gida-gida da ruga-ruga a ƙafa, yana roƙon a ba shi yara. Fulani suka ce ba sa bayarwa. Ya je ya sha nono ya dawo, ya je ya sha nono ya dawo, har wani arɗo ya ji nauyinsa ya ce a ba shi. Arɗon ya fara da tasa 'yar. Manoma suka ga Fulani sun bayar, su ma suka bayar. Aka sa ranar buɗewa, manya za su zo daga birni. Sati guda yana rubuta jawabi, yana karanta mini, ni ba na jin ko kalma, da Turanci ne."

Ta ja carbi guda biyu.

"Ranar ya jera yaran a fili tun hantsi. Tsakiyar damina ce. Yana cikin karatu hadari ya haɗo. Arɗon ya matso ya ce, Malam, a shigar da yara. Ya ce saura kaɗan. Ruwa ya sauko. Manya suna ƙarƙashin rumfa, yara suna fili, ba wanda ya isa ya motsa don ya ce duk wanda ya bar layi zai sha bulala. Saura kaɗan, saura kaɗan, sai da ya kai ƙarshen takardarsa. Manyan suka tafa masa."

Taubashina ya ɗago kai. Ita ba ta dube shi ba.

"Yara da yawa suka kwanta. Suka tashi. 'Yar arɗon ba ta tashi ba. Ba wanda ya zage shi. Ya je gaisuwa, arɗo ya shimfiɗa masa tabarma ya ce kwana ne ya ƙare. Da ma zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Sai dai ya je makaranta da safe ya tarar ba kowa sai benci. Rugagen suka tashi, manoma suka janye nasu. Wata guda cif aka rufe makarantar, muka ɗauro kayanmu. Bayan mun dawo ne ya tsinci labarin Baturen nan a wani littafi. Ya karanta, ya kwana uku tuwo bai wuce masa ba. Sannan ya nemi reza ya yanke hoton." Ta gyara mayafinta. "Duk zagin da kuka ji shekara da shekaru, ku kuka ɗauka da Bature yake."

Na shigo ɗakin nan ina ganin duk Dangora ba wanda ya san Kawu kamata. Ashe ni ma dariyar kawai na kwasa.

Taubashina ya dubi ƙasa, ya ce da tabarma, "To a tambayi Inna, me zan sa?"

Ta ce, "Ka ce masa..." Sai ta tsaya. Ta ajiye carbin. Ta juyo gaba ɗaya ta dubi ɗanta a ido.

"Kai. Gina makarantarka, Allah ya sa albarka. Sunan Baturen nan kada ya hau katangar. Na ubanka ma kada ya hau, ba zai so ba. Sa sunan unguwa. Abu ɗaya na roƙe ka. Filin da yara za su tsaya da safe, ka yi masa rumfa. Ka fara yin ta kafin ka yi aji."

Mutum mai furfura a gemu, mai direba da masu gadi, ya kifa fuska a dokin ƙofa yana kuka kamar an yaye shi yau. Ban sani ba ko labarin ne, ko kuwa jin uwarsa ta ce masa "kai" karo na farko a rayuwarsa. Ban tsokane shi ba. A rubuta wannan a tarihi.

Da za mu fita ta ce da ni, "Kai kuma mai baki, na san ba ka iya shiru. Idan za ka faɗa, ka faɗa daidai. Wannan ba a sa masa gishiri." Ko'ina a takardar nan na yi barbaɗe yadda na saba, amma abin da Inna ta faɗa, yadda ta faɗa na ajiye shi.

Washegari aka yi addu'ar bakwai. Mai fenti ya shafe allonsa da fari. Masu Masha Allah suka ji an fasa, nan take kowa ya tuna. Mai gidan bulo ya ce shi da ma tun ranar abin bai kwanta masa ba. Kansila ya ce ya so ya yi magana, ganin idon jama'a ne ya hana shi. Allah ya bar mana su, gari ba ya cika sai da irinsu.

Yanzu idan ka bi ta bayan gidan Kawu za ka ga wani gini da ke ba baƙi mamaki. Babu aji ko ɗaya tukuna, ko harsashi ba a haƙa ba. Sai wata doguwar rumfar kwano a tsakiyar fili, mai ƙafafun ƙarfe, wadda za ta ɗauki yara ɗari uku ba wanda ɗigo zai taɓa. Mutane na tambayata kasuwa za a yi ko tasha. Nakan ce makaranta ce, daga sama aka faro ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da shi bai taɓa yafe wa kansa ba. Allah ya jiƙan yarinyar nan ta bakin daji, wadda ko sunanta ba mu sani ba, ya haɗa su a inuwar da babu ruwa babu sanyi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.